Tattakin Najaf zuwa Karbala: abin da waɗanda suka taɓa zuwa suka ce

Da aka zauna da 'yan'uwan da suka yi tattakin Arba'in a Iraƙi, wato tafiyar ƙafa zuwa Karbala don tunawa da cika kwana arba'in da shahadar Imam Husaini, zancen ƙafa ne ya cinye rabin hirar. Tafiya ce ta kusan kilomita 80, yawanci kwana uku. Bakinsu ya zo ɗaya: kada ka sayi sabon takalmi ana gobe tafiya. Ka sa shi tun da wata biyu, ka riƙa zagaye unguwa da jaka a baya. Safa biyu ko uku, da basilin a tsakanin yatsu. Wani ya ce tun ranar farko ya ga ƙato zaune a gefen titi, diddige duk bororo, takalmi rataye a wuya.

Guzuri kuwa, ka rage. Rumfunan da ake kira maukib sun jeru a hanya, ruwa da abinci da wurin kwana duk kyauta. Shayinsu dai sukari ne zalla, mai ciwon suga ya kula.

Sandunan hanya suna da lamba, har 1452. Ku tsayar da lambar da za ku haɗu idan kun rabu, don waya ba ta cika shiga ba cikin cunkoso. Fasfo ya zauna a ƙaramar jaka a ƙirji.

A kan lokacin tafiya aka saɓa. A 'yan shekarun nan 20 ga Safar, ranar Arba'in, ta faɗo cikin Agusta, rana kamar wuta. Wasu sun fi son bayan Asuba, mafi yawa suka ce dare.