Sikatarin da Hausa: watsuwa, tarwatsewa ko fantsama?

Jama'a ku taimaka da kalma. Ƙanina yana rubuta furojet a Samaru kan yadda ake gano kogo a ƙarƙashin ƙasa ba tare da an haƙa ba, Baba ya tambaye shi me yake karantawa ne haka, yaro ya tsaya yana ta maimaita kalmar Turanci, sikatarin sikatarin, Baba ya ce to sannu Bature.

Abin ba wuya. Ana ajiye faifan ƙarfe a ƙasa a maka masa guduma, girgiza ta nutsa, an jera wasu 'yan na'urori masu tsini da ake cakawa a ƙasa suna saurare. Ƙasa tana motsawa ta koma yadda take kamar danƙo. In girgizar nan ta ci karo da rami, misali tsohuwar rijiya ko masai da aka rufe aka yi gini a kai irin na cikin birni, sai ta rabu, wani kaso ya dawo sama, wani ya zagaye ramin, wani ya yi gefe. Dalili kuwa a dutse irin na Kufena tana gudun wajen mita 5,000 a daƙiƙa, a iska kuma 340 kacal, ita kuma girgizar da ke kaɗa ƙasa gefe da gefe ba ta ratsa iska ko ruwa sam. Wannan rabuwar ita ce sikatarin ɗin, ita nake nema wa suna da Hausa.

Wani abokina ya ce watsuwa. Ni ban yarda ba, watsuwa ai ko babu abin da ya tare ka za ka watsu, kamar labari ko 'yan kasuwar Sabon Gari in hadari ya taso. Tarwatsewa kuma kamar abu ya lalace ne gaba ɗaya, alhali girgizar tana nan da ranta, ita ma ake kamawa a karanta.

Yayarmu tana wanke-wanke ta ce ku ce fantsama mana. Wallahi ta fi mu. Ruwa ba ya fantsama sai ya daki wani abu, kuma yadda ya fantsamu shi ke nuna siffar abin da ya daka.

Ɓangaren kwamfuta kuma na ce masa kwaikwayon lissafi, tunda a cikin kwamfuta yanka ƙasar ake yi ƙananan gidaje kamar na dara, a saka ramin ƙarya a ciki, kwamfuta ta lissafa motsin kowane gida, sai a gwada da abin da aka ji a fili. In misali gudun girgizar mita 500 ne a daƙiƙa kuma tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, tsawon igiyar, wato nisan da kaɗawa ɗaya ke ci, mita 10 ke nan, ramin mita ɗaya da ƙyar zai nuna kansa.

To ga nawa: kwaikwayon lissafi na fantsamar girgiza a kogon ƙasa. Kogo ne dai ban gama gamsuwa da shi ba, don Baba ya ce masai ba kogo ba ne.