Neman shawara: aikin ranja a dajin Gashaka Gumti

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na gama difloma a fannin gandun daji, kuma tun ina yaro ba abin da nake so kamar hawan dutse, to yanzu raina ya kafe a kan aikin ranja a gandun dajin Gashaka Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, wato masu gadin daji da ke sintiri cikin duwatsu har wajen dutsen Chappal Waddi. Matsalar Inna ce, ta ce sam ba da yawunta ba. Wanda ya san aikin ya faɗa min gaskiya.

Baban Serti:
Wa alaikassalam ɗana. Na yi aikin nan shekaru kafin gwiwa ta zaunar da ni. Chappal Waddi mita 2,419 ne, ba dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya, yana can bakin iyakar Kamaru, amma kar ka ɗauka kullum kan dutse za ka wuni kana kallon gajimare, yawancin aikin tafiyar ƙasa ce, kwana da kwanaki da jaka a baya, garin kwaki da ƙuli, ba netwok, da damina kogi ya cika ya tsare ku a tsallake, a ƙasa ƙudan tsando ya dame ku a sama kuma sanyi ya hana barci. Dajin ya wuce murabba'in kilomita 6,000, babu gandun dajin ƙasa mai girmansa a ƙasar nan. Kuma abin tsoron ba dabbobi ba ne, mutane ne: mafarauta da bindiga, masu saran madobiya da ake ce wa madrid, masu haƙar ma'adinai. Tsoron mahaifiyarka yana kan hanya. Duk da haka ranar da na fara jin kukan birin chimpanzee da asuba har yau ban manta ba wallahi.

Maman Hanifa:
Ƙanina kar ka tafi Inna tana kuka. Ka samu kawunka ko wani babba da take jin maganarsa ya zauna da ita, kai kuma ka daina ɓoye mata haɗarin.

Ɗan Gembu:
Ni dai ka fara gwada ƙafarka tukunna. Da rani ka je garin Serti, can hedikwatar gandun take, ka nemi izini da ɗan jagora ka yi kwana uku a ciki. Ka kuma koyi Fulatanci ko kaɗan ne, akwai rugagen Fulani a saman tuddan, in ba ku jituwa da su aikin ba ya tafiya.

Mai tambaya:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Zan je wajen kawu ranar Juma'a insha Allah. Baba dan Allah wane irin takalmi ne yake jure duwatsun can, but na roba ko na fata?

Baban Serti:
Na fata mai kama idon sawu, ka saba da shi a gida kafin ka shiga daji. Na roba sai wajen tsallaka ruwa.