Wai an yi watsi da ƙwararru?

Mai Zanen Gini: Jama'a ni fa abin nan ya ishe ni. Kwamfutar Apple Mac Pro na 2019 RAM har 1.5TB yake ɗauka, ka buɗe murfi ka ƙara da hannunka, ka canza katin graphics in ya tsufa. Na 2023 mai processor M2 Ultra kuwa RAM 192GB ne iyaka kuma a manne yake, yadda ka saye shi haka za ku tsufa tare. Ga manhajoji duk sun koma haya, Adobe tun 2013, Autodesk ma a 2016 suka daina sayar da lasisin dindindin. Wallahi an yi watsi da ƙwararru.

Editan Bidiyo: Su waye ƙwararrun? Ni a Mac Studio nake aikina kullum, wato mu ba ma ciki kenan?

Mai Zanen Gini: Haba Hajiya, ba haka nake nufi ba.

Ɗan Linux: To ni haka nake nufi. Ƙwararre shi ne wanda in bit ɗaya ya juye a memory lissafin da ya kwana yana gudu ya lalace, shi ya sa ba ya taɓa na'urar da ba ta da ECC, wato RAM mai gyara irin wannan kuskuren. Yanka bidiyo ai ko a waya ana yi.

Editan Bidiyo: Ko a waya?? Ƙanina zo ka yi colour grading, wato gyaran kalar bidiyo, na 8K a wayar taka mu gani.

Tsohon Hannu: Ku yi haƙuri yara, da ma can injinan kamfanonin SGI da Sun ake kira workstation, wato kwamfutar ƙwararru, PC mai Windows NT da katin Nvidia ya zo ya kore su, Oracle ta saye Sun a 2010. Lokacin ma haka aka yi ta kuka.

Ɗan Linux: Baba ba tarihi muke ba. Processor ɗin AMD Threadripper Pro mai core 96 yana nan tun 2023, ka sa katin Nvidia RTX ka samu CUDA, fasaharsu ta lissafi mai nauyi, Mac kuwa tun macOS Mojave ba direban Nvidia. Manhajar 3D ta Blender kuma kyauta ce.

Editan Bidiyo: Kai da ko Photoshop ɗinka crack ne za ka koya mana ƙwarewa?

Ɗan Linux: Kawo shaida. GIMP, kishiyar Photoshop ta kyauta, nake amfani da shi.

Editan Bidiyo: Allah sarki, GIMP. Shi kenan na gane.

Mai Zanen Gini: Ni fa maganar haya da RAM na kawo, ba wanda ya taɓa ta.

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda aiki mai nauyi sai PC mai Threadripper da Nvidia, irin wanda nake kai yanzu, Hajiya ce kaɗai ta ƙi. Mai son ci gaba da rigimar GIMP ya bi ɗan'uwansa inbox.

Editan Bidiyo: Wane kowa? Mutum ɗaya ne ya faɗa, Admin.