Abin da na tsinta a hirarmu kan tace ruwan masana'antar jima

To jama'a ga taƙaitaccen abin da aka tattauna, ga waɗanda ba su samu zama ba. Tambayar dai ita ce mai ƙaramin kamfanin jima irin na Challawa ko Sharada a Kano ta ina zai fara in zai gina wurin tace ruwan dattinsa.

Kusan kowa ya ce kar a fara da siminti, a fara da awo: lita nawa ke fita a rana, kuma me ke cikinsa, a kai samfuri ɗakin gwaji a lokuta daban-daban don ruwan safe ba ɗaya yake da na yamma ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne raba magudana. Ruwan kuromiyam, sinadarin da ake jeme fata da shi, daban, ruwan cire gashi mai salfayid daban, don in ya haɗu da ruwa mai asid iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ke tashi, kuma wallahi tana kisa a cikin rami. Kuromiyam ɗin a kwantar da shi da farar ƙasa, a kwashe laka a shanya, ba a zuba ta a gona ba.

Sai raga mai tare gashi da tsoka, da tankin da zai daidaita kwararar. An ɗan yi gardama kan injin hura iska cikin ruwan don tsabtace shi, wasu suka ce da wace wutar? In akwai fili tafkuna sun fi sauƙi, amma a daɓe ƙasansu saboda rijiyoyin maƙwabta, a kuma bar sarari don ruwan Agusta. Ni nan na fi karkata gaskiya.

Takardun NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma a nema tun kafin a haƙa rami.