Neman shawara: aiki ya kai ni garin bakin kogi, a ina zan sauke iyali?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya ɗau zafi. An ba ni aiki a wani babban gari da ke bakin kogi, nan da wata uku ake so in kama. Garin yana tashe: an faɗaɗa tashar jiragen ruwa, masana'antu sai buɗewa suke yi, duk inda ka waiga gini ake. Sau ɗaya na je, na kwana biyu, na dawo ina ta ba maiɗakina labari.

Wurin zama ne damuwata. Hayar cikin gari ta fi ƙarfin albashina. Akwai ƙananan garuruwa uku a kewaye. Ɗaya a kan tudu yake, amma tafiyar awa guda ce zuwa wurin aiki. Na biyu a tsallaken kogi, gada ɗaya ce ta haɗa shi da birnin. Na ukun dab da ruwa yake, minti 15 ka isa ofis, kuma a can ne wani dillali ya nuna min fili mai araha, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, ga iska, ga ciyawa kore shar. Kullum sai ya kira ni, wai in ban biya a makon nan ba wani zai ɗauke. Ya rantse min ruwa bai taɓa zuwa wurin ba. Ina da ɗan abin da na tara. In saya in fara ɗora bulo, ko in kama haya? 'Ya'yana uku, babban shekararsa 9, ga mahaifiyata a hannuna, ƙafarta ba ta da ƙwari sosai.

Wani dattijo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, a wane lokaci ka je garin?

Mai tambaya:
Tsakiyar rani ne, Baba.

Dattijon:
To ai ba ka ga kogin ba tukuna. Makwancinsa ka gani.

Wani injiniyan ruwa:
Baba ya gama magana, ni bayani kawai zan ƙara. Malam, wannan shimfiɗewar da ta burge ka ita ce abin tsoron. Filin bakin kogi ba ya zama kamar faranti haka kawai. Kogin ne ya baje shi da kansa, duk lokacin da ya cika ya tumbatsa sai ya ajiye laka ya koma, shekara da shekaru. Koren da ka gani a tsakiyar rani kuwa yana gaya maka ruwan ƙasa yana kusa da sama. Manomi zai yi murna da wannan fili, mai gini kuwa sai ya yi hattara.

Maganar "ruwa bai taɓa zuwa ba", ka tambaye shi tun yaushe. A aikinmu akwai abin da muke kira ambaliyar shekara 100. Mutane suna ɗauka sau ɗaya take zuwa a ƙarni, alhali ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo. In ka zauna a gida shekara 30, yiwuwar ka gamu da ita aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 26 cikin 100, wato sama da ɗaya cikin huɗu. Kuma tana iya zuwa bana ta sake dawowa baɗi. Lokoja, inda Neja da Binuwai suka haɗu, ruwa ya ci ta a 2012 har ya datse hanyar Abuja, shekara 10 kacal ya sake dawowa a 2022.

Wani abin da baƙo ba ya ganewa: ruwan da zai shigo maka ɗaki ba lallai a kanka aka yi shi ba. A Yamai kogin Neja sau biyu yake cika. Ta farko da damina, wajen Agusta da Satumba. Ta biyu kuwa wajen Disamba zuwa Fabrairu, ana tsakiyar sanyi ba ko ɗigon ruwan sama, saboda ruwan da aka yi a tsaunukan Gini sai ya ɗauki watanni kafin ya iso. Haka in akwai madatsa a sama da ku. Mutanen da ke bakin Binuwai kunnensu na kan madatsar Lagdo da ke Kamaru, don in ta cika dole a saki ruwa. Don haka ka binciki abin da ke sama da garin: akwai dam? Wa ke sanarwa kafin a buɗe, kuma kwana nawa ruwan ke yi kafin ya iso?

In ka koma, ka bar dillali a gida. Ka zaga unguwar da ƙafa kana kallon bangon tsofaffin gine-gine. Ruwa yana barin sa hannunsa, wani layi miƙaƙƙe mai duhu, kuma tsayinsa ɗaya a kan kowane bango. In ka ga gidajen layin duk an yi musu sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu, ko an ɗaga dakalin ƙofa har sai an taka matakala uku ana shiga, ka samu amsarka. Ka duba inda 'yan asalin garin suka kafa tsohuwar unguwarsu da maƙabartarsu. Kusan kullum a kan tudu za ka same su, baƙi ne ke cika kwari. Ka leƙa rijiya ka ga kamu nawa ne zuwa ruwa. In filin yana kan lanƙwasar kogi, ka lura ko ta gefen waje na lanƙwasar yake, don ta nan ruwa ke cin gaɓa, ta cikin kuma yana tara yashi. Sannan ka buɗe Google Earth a kwamfuta, akwai wurin da ake komawa tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, ka ga yadda filin yake a shekarun baya. Ka je ofishin tsara gari ka nemi taswirar wuraren da ambaliya ke ci, ka tabbatar an ma yarda a yi gini a wurin.

Wata 'yar uwa:
Yayana, ni na zauna a irin unguwar nan shekara 4, bari in gaya maka abin da ba a gani a taswira. Mu ma araha ce ta ja mu. Shekara biyun farko lafiya lau, har ina yi wa masu tsoratar da mu dariya. A ta uku, wani dare wajen ƙarfe biyu na tashi zan kai ƙaramin banɗaki, na sauko da ƙafa sai na ji sanyi har idon sawu. Ba ta ƙofa ruwan ya shigo ba, ƙofar a rufe take da buhunan yashin da muka jera. Ta ramin banɗaki ya ɓullo, da duk abin da ke cikin sokawe. Takalman yara na yawo a tsakar ɗaki. Kafin asuba ya kai gwiwa.

Ruwan kwana 9 ya yi ya janye, amma gidan bai koma daidai ba. Katifu muka zubar, bango ya riƙa fitar da wani farin gishiri, fenti na ɓarewa, kayan cikin durowa duk suka yi funfuna. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne fitar da surukata. A kan kujera maza biyu suka ɗauke ta cikin duhu, tana ta salati. Da na ga ka ambaci ƙafar Mama, wannan daren ne ya faɗo min. Mu haya muke yi, muka tattara muka bar wa mai gida kayansa. Maƙwabcinmu da ya gina nasa har yau yana can, ya sa a kasuwa ba mai tayawa.

Wani ɗan kasuwa:
Haba jama'a, kun tsorata bawan Allah kamar kogi dodo ne. Manyan biranen duniya nawa ne a bakin kogi? Alƙahira, Landan, Bagadaza, Khartoum, Bamako. Inda ruwa yake nan arziki yake, ga sufuri, ga noman rani, ga masana'antu. Kuma garin da ke tashe, wanda ya riga sayen fili shi ke dariya. In ya tsaya jiran shekara guda, abin da ya tara ba zai sayi rabin filin ba. Malam, ni dai na ce ka saya, ka cika shi da jar ƙasa, ka ɗaga fandisho. Ko ka nemi inda gwamnati ta yi bangon tare ruwa.

Injiniyan:
Alhaji, gaskiyarka a kan arziki, ban ce kada ya je ba. Amma ciko gidanka kawai yake ɗagawa, ba ya ɗaga hanyar da za ka bi ka kai mara lafiya asibiti, ba ya ɗaga makarantar yara. Sai ka zama tsibiri. Bangon tare ruwa kuma yana da nasa sharrin: da an gina shi sai mutane su saki jiki su cika bayansa da gidaje, ranar da ya ɓalle ɓarnar ta fi ta da. A 2020 ruwa ya fasa irin wannan bango a Yamai ya shiga unguwanni. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Kada kuma a ce matsalar ƙasashe matalauta ce: a Yulin 2021 ƙaramin kogin Ahr a Jamus ya kashe sama da mutum 130 a dare ɗaya. In sayen fili ne don riba, ya saya a kan tudu, shi ma zai yi daraja in garin ya ci gaba da faɗaɗa.

Ɗan kasuwan:
To na ji. Amma tudun ma ya hanzarta.

Wani direba:
Ni a kan garin tsallake zan yi magana. Gada ɗaya, ranka ya daɗe, ba hanya ba ce, maƙogwaro ce. Tirela ɗaya ta lalace a kai, ranar ba mai zuwa aiki. Ka tambayi masu bin Onitsha da Asaba: gadar 1965 ce kaɗai ta riƙe su fiye da shekara 50, mutane na kwana a cunkoso lokacin bukukuwa, sai a 2023 aka ƙaddamar da ta biyu. Kada ka auna nisa da kilomita. Ka kwana a garin, ka fito ƙarfe bakwai na safiyar Litinin ka auna da agogo. In kuma aka ce ai akwai jirgin fito, ka duba ko suna ba da rigar kariya, ko suna lodi fiye da kima, ko suna tashi da dare. Kuma duk inda ka zauna, kada ka taɓa shiga ruwa mai gudu da mota don kana ganin gajere ne. Santimita 30 ya isa ya ɗaga ƙaramar mota.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Malam, saboda yaran nake magana. Ɗan shekara 9 in ya ga kogi ba mai hana shi shiga sai an tsaya a kansa. Ban da nutsewa, akwai tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan katantanwa take girma a ruwa mai kwanciya, ta huda fata ta shiga ba tare da yaro ya ji komai ba, sai bayan makonni ka ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Tana da magani, praziquantel, amma in ya koma ruwan zai sake ɗauka. Sauro kuma ba a cikin kogi mai gudu yake ƙyanƙyasa ba, a kududdufan da ruwa ya bari bayan ya janye ne, shi ya sa unguwar kwari ta fi tudu zazzaɓi. Ruwan sha ma kada ka ɗauka zama kusa da kogi ya wadatar da kai. Inda ruwan ƙasa ke kusa, masai da rijiya maƙwabta ne, daga nan amai da gudawa ke tashi bayan ambaliya. Ka tambayi inda unguwar ke samun ruwan sha, ka kuma tabbatar asibitin da za a riƙa kai Mama yana gefen kogin da kuke, ba sai an haye ba.

Wani ɗan uwa:
Ƙarin abu ɗaya. Aikin naka ya dogara da kogin ne? In kamfanin da jiragen ruwa yake kawo kaya, ƙafewa ma matsala ce. A 2018 da 2022 kogin Rhine ya ja baya har jirage suka koma ɗaukar ƙasa da rabin lodi, wasu masana'antun Jamus suka rage aiki. Ka kama aikin, ka ga kamun ludayinsa, kafin ka binne duk abin da ka tara a ƙasa.

Dattijon:
Shawarata ɗaya ce. Ka tafi kai kaɗai tukuna, ka kama ɗaki. Damina ta same ka a can, ka ga inda ruwa ya tsaya da idonka. Ka yi abota da masunta da masu fito, su suka san kogin, kuma ba su da filin da za su sayar maka. In za ka ɗauko iyali, haya a garin tudu, ko da tafiyar ta fi tsawo. Dillalin da ke cewa makon nan ko a rasa, ka ce masa za ka zo ku je filin tare a ƙarshen damina, ka ji abin da zai ce.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na bi maganarka na kira shi ɗazu, na ce mu bari sai ƙarshen damina mu je tare. Ya yi shiru, sannan ya ce ai lokacin mota ba ta shiga wurin, sai dai in zan biya kuɗin kwalekwale. Ranar Asabar zan koma in duba gidajen haya a garin tudu. Injiniya, in na ɗauko hotunan bangon unguwar zan turo maka ka duba min, don akwai wani layi da na gani a jikin makarantar da ke kusa da filin, na ɗauka ado ne.