Sababbin kansiloli sun kama aiki: waɗanda suka san sakatariya, me ya kamata su sani?

Ɗan Mazaɓa: Assalamu alaikum. An rantsar da sababbin kansiloli a wajenmu, yawancinsu matasa ne da ba su taɓa shiga sakatariya da sunan aiki ba. Waɗanda suka zauna a majalisa, ko suka yi aiki a sashen kuɗi da na ayyuka, don Allah ku zayyana mana yadda ake shigar da aiki cikin kasafi, inda takarda take maƙalewa, da abin da yake hurumin kansila da wanda ba nasa ba. A bar maganar jam'iyya a gefe.

Tsohon Kakaki: Wa alaikumus salam. Su fara rarrabe kansila iri biyu, don nan ake fara rikicewa. Akwai zaɓaɓɓe, wanda mazaɓa ta turo, yana zaune a majalisa. Akwai kansila mai gafaka, wanda ciyaman yake naɗawa ya kula da sashe guda, kamar lafiya ko noma ko ayyuka, shi yana ɓangaren zartarwa. Zaɓaɓɓe ba ya ba da kwangila, ba ya sa hannu a cak. Aikinsa uku ne: amincewa da kasafin kuɗi, yin dokokin ƙaramar hukuma, da bin sawun yadda aka kashe abin da aka amince.

Na biyu, su nemi jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 su karanta, bai kai shafi biyu ba. Kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta, bayan gida na jama'a, magudanar ruwa, kwashe shara, sa wa tituna suna da lambar gidaje, lasisin keke da amalanke da baro, allunan talla, duk na ƙaramar hukuma ne. Firamare da lafiya da noma kuwa, abin da aka rubuta shi ne ta sa hannu tare da jiha. Taransifoma ba ta cikin jerin ko kaɗan, amma ita ce abu na farko da sabon kansila yake ɗaukar alkawarinta a bainar jama'a, sai ya ƙare wa'adinsa yana sauya hanya idan ya hango matasan unguwar.

Na uku, kuma shi ya fi komai: abin da bai shiga minit ba, wato rubutaccen bayanin zaman majalisa, ba a yi shi ba. Ka rubuta ƙudurinka, ka miƙa wa akawun majalisa kafin ranar zama don ya shiga jerin abin da za a tattauna, ka tanadi wanda zai mara maka baya tun a waje. A zama na gaba, lokacin da ake karanta minit ɗin baya, ka kasa kunne. A nan ake mayar da "majalisa ta amince" zuwa "majalisa ta tattauna", kuma da zarar an sa hannu shi ke nan.

Ma'aji Mai Ritaya: Honarabul ya yi daidai, bari in ɗora da ɓangaren kuɗi. Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna raba kashi 20.6 cikin ɗari, daga harajin VAT kuma kashi 35. Adadin da ake gani a jarida ba shi ne yake sauka a sakatariya ba. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma a can aka saba cire albashin malaman firamare, fansho, kason masarauta, kuɗin horar da ma'aikata da na ayyukan haɗin gwiwa. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce kantomomin riƙo ba su da gurbi a doka. Aiwatarwa dai na tafiyar hawainiya, don haka kansila ya nemi takardar rabon wata daga ma'aji, mai nuna abin da ya zo, abin da aka cire da abin da ya rage, kafin ya buɗe baki a kan kuɗi.

Ga hanyar da naira take bi kafin ta fita. Shugaban sashe ya rubuta buƙata. Idan ba ta wuce iyakar da aka yanka wa ciyaman ba, ya amince da kansa. Idan ta wuce, sai kwamitin kuɗi da harkokin yau da kullum ya zauna, kuma a jihohi da dama manyan ayyuka sai an nemo sahalewar ma'aikatar ƙananan hukumomi. Daga nan a rubuta bauca, wato takardar biyan kuɗi, a shigar da ita littafin kashe kuɗi na sashen, odita na cikin gida ya duba, sannan ma'aji da daraktan ma'aikata, wanda kowa ke kira DPM, su sa hannu.

Wuri uku takarda take mutuwa. Ɗaya, aikin ba shi da gurbi a kasafi. Biyu, yana da gurbi amma an riga an kwashe kuɗin zuwa wani aiki, wanda bai halatta ba sai da amincewar majalisa. Uku, an ba ma'aikaci kuɗin somin aiki a baya bai kawo rasit ya sauke nauyin ba, odita ya ƙi sakin na gaba. Shekarar kuɗi Janairu ce zuwa Disamba, kuma takardar kiran kasafi, wadda ake neman a kawo buƙatun shekara mai zuwa da ita, takan zo ne bayan damina. Kansilan da ya kawo buƙatun mazaɓarsa a Fabrairu ya makara da wata biyar. Ya zauna da masu unguwanni tun Agusta, ya fitar da abu uku kacal, kowanne da wurinsa da ƙiyasin kuɗinsa. Mai jerin abu ashirin ba ya samun ko ɗaya.

Injiniyan Ayyuka: Baba Ma'aji, a ƙara da cewa ƙiyasin nan sashen ayyuka ne zai yi shi, ba kansila da birkilan unguwa ba, in ba haka ba za a dawo da shi.

Ayyuka biyu ne suke cinye yawancin abin da mazaɓa take samu, kwalbati da burtsatse, to bari in tsaya a kansu. Kwalbati ana zuwa duba wurinsa ne ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, a ga inda ruwa yake bi da kansa. A rani kowane kwari kama da ɗan'uwansa yake. Zobe mai faɗin milimita 600 ya fi araha, amma leda da yashi suna toshe shi, kuma mutum ba ya iya shiga ya yashe. Inda hali ya yi, a sa mai 900. Haɗin kankare na ɗaya, biyu, huɗu yana nufin buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, domin buhu guda kwano biyu ne. Kansila ya tsaya minti ashirin kusa da masu kwaɓi ya ƙirga kwanukan da kansa. Idan ya ga shida da goma sha biyu, an riga an cuci aikin. A shayar da kankare ruwa aƙalla kwana bakwai, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, saboda haka a tare hanya da duwatsu kada tifa ta hau. Abin da ɗan kwangila ya fi tsallakewa shi ne fukafukan gefe da daɓen bakin fita. In babu su, ruwa yakan zagaya ya cinye burjin da ke gefe, bayan damina ɗaya sai ka ga zobba tsaye su kaɗai, hanya ta tafi.

Burtsatse kuwa a fara da awon ƙasa, kada a haƙa don wurin yana ƙofar gidan wani babba. A haƙa a tsakiyar rani, Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya fi nisa. Wadda aka haƙa a Satumba tana iya ba da ruwa ranar ƙaddamarwa ta ƙafe kafin bazara. A nisanta ta da masai aƙalla mita 30, a toshe saman ramin da siminti don ƙazantar sama kada ta gangara, a yi gwajin jan ruwa na sa'o'i kafin a biya. Famfon India Mark II bututunsa mita uku-uku ne, kuma idan robar silinda ta cinye sai an zaro bututun gaba ɗaya, aikin makaniki da mutum uku ko huɗu. Famfon Afridev kuwa ana zaro sandar da robar ba tare da taɓa bututu ba, mutanen gari ma suna iyawa. Alamar roba ta mutu ita ce a yi ta tuƙi da sauƙi ruwa na zuwa kaɗan. Idan kuma da safe sai an daɗe ana tuƙi kafin ruwa ya hau, bututu ne yake yoyo ko bawul ɗin ƙasa. Yawancin famfunan da ke tsaye a ƙauyuka gyaran da ya kashe su bai kai kuɗin fentin allon da aka kafa a gefensu ba.

Kuma kada a biya ɗan kwangila duka. Galibi ana riƙe kashi 5 har wata shida. Kansila ya tabbatar bai sa baki an saki wannan kuɗin ba sai aikin ya ga ruwan sama.

Hajiya Mai Asibiti: Nawa gajere ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma tsarin shi ne asibiti guda a kowace mazaɓa yana karɓar kuɗin gudanarwa a asusunsa na banki, ba ta sakatariya ba. Mai kula da asibitin da shugaban kwamitin raya mazaɓa su ne suke sa hannu. Abin da kansila zai yi shi ne ya ga kwamitin yana zama duk wata kuma da mata a ciki, ya duba littafin halartar ma'aikata da daddare ba da hantsi ba, ya leƙa firjin allurar rigakafi ya ga takardar awon sanyi, wadda ake cikewa safe da yamma. Kada ya nemi a ɗora ɗan gidansa a kujerar kwamitin, ranar da odita ya zo shi za a fara kira.

Mai Rasit: Yallabai Ma'aji ya yi maganar abin da ke zuwa daga sama, ni ta kasuwa zan yi, don a nan ne majalisa take da iko na gaske. Dokar haraji ta 1998 ta jera abin da ƙaramar hukuma za ta karɓa, irin su kuɗin rumfa da shago, mayanka, tasha da allon talla, ta kuma hana datse hanya don karɓar haraji. Igiya da ƙusa a kan titi ba su da tushe. Sannan a yi hattara da kalmar haraji a ƙauye. Tun da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979, duk wanda ya ambaci kuɗin kai ya ɗebo ruwan dafa kansa.

Yadda kuɗi ke zurarewa sananne ne: littafin rasit na bogi da aka buga a waje, rasit ɗaya ga mutum biyu, ko a rubuta 500 a sama, 200 a kwafin ƙasa. Maganinsa ƙidaya. Kwamitin majalisa ya shiga kasuwa ranar cinta har sau uku, ya ƙirga rumfuna, ya tsaya a ƙofar kara ya ƙirga dabbobin da aka sayar, ya ninka da farashin da doka ta sa, ya gwada da takardar banki ta washegari. Kowane littafin rasit a rubuta lambar farkonsa da ta ƙarshensa da sunan wanda ya karɓa, kuma ba a ba shi sabo sai ya dawo da gindin tsohon. Idan za a ba wani kasuwa ya riƙa biyan kuɗi a dunƙule, a yi ƙidayar nan tukuna, kuma yarjejeniya kada ta wuce shekara.

Magatakardan Hakimi: Ranku ya daɗe, ba a taɓo ƙasa ba. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a wajen birni, amma abin da ya wuce hekta 500 na noma ko 5,000 na kiwo sai da yardar gwamna. Kansila ba ya sa hannu a cinikin fili, ba ya raba gado, ba ya yanke iyakar gona. Ya tura wa mai unguwa, dagaci, hakimi, in ta ƙi ci sai kotu. Burtali kuma ana zagaya shi ne kafin ruwan shuka, da malamin gona da ardo da dagaci, a kafa alama. Bayan gero ya tsiro ba wanda zai yarda ya tuge.

Na Maraɗi: Mu a Nijar tsarin ya bambanta. Daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 zuwa 2024, jama'a kansiloli suke zaɓa, su kuma su fitar da magajin gari daga cikinsu. Zaman doka sau huɗu ne a shekara, sarakuna suna zama su ba da shawara amma ba sa ƙuri'a, kuma duk shawarar da aka yanke ana aika wa furefe, wato wakilin gwamnati a yankin, ya duba ko ta dace da doka. Lanho, wato kuɗin kai, yana nan, ta hannun masu gari ake tara shi. A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun suka naɗa masu riƙo. Maganar minit kuwa haka take a nan ma.

Ɗan Mazaɓa: Allah Ya saka da alheri. To idan ciyaman ya ƙi kawo rahoton kashe kuɗi fa?

Tsohon Kakaki: Kada a fara da rediyo. Majalisa ta zartar da ƙuduri, akawu ya rubuta wa ciyaman takarda mai kwanan wata da wa'adi, a karɓi kwafi mai hatimin ofishinsa. Wa'adi ya cika, a gayyaci ma'aji da shugaban sashen su zo gaban kwamiti da littattafansu. In ba su zo ba, a haɗa ƙudurin da takardun biyu a aika wa babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha da kwamitin ƙananan hukumomi na majalisar dokoki. Yawan kansilolin da ake buƙata kafin zama ya halatta, da na tsige ciyaman, yana cikin dokar ƙananan hukumomi ta jiharku, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Kowa ya nemi kwafinsa wajen akawu a makon farko.