Ina kuke ranar da Chiangrai United ta ɗauki kofin babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Thailand a 2019?

Mai buɗe zance, ɗan kasuwa a Bangkok:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Thailand. Har yau teburin ƙarshe na Thai League 1 na 2019 yana ci min rai. Bayan wasa 30, Buriram United maki 58, Chiangrai United maki 58, amma kofi ya tafi Chiang Rai. Ni a waya na kalla, a shago a Pratunam. Buriram na gaba da ci ɗaya a gidan Chiangmai FC, ƙungiyar da ke can ƙasan tebur, sai ana dab da tashi suka farke. Kasa magana na yi. Ku fa?

Ɗalibi a Chiang Rai:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka yi haƙuri, mu kam ranar murna ce! A wani gidan abinci muka kalla, talabijin na nuna wasanmu da Suphanburi, wayoyi kuma duk suna kan wasan Chiang Mai. Mun ci 5-2, amma ba wanda ya saki jiki, don in Buriram ta yi nasara ƙwallayenmu biyar ba su da amfani. Da labarin farkewar ya iso, wani dattijo da ke gefena ya riƙe hannuna yana hawaye. Kofin Thai League 1 na farko ke nan a tarihin ƙungiyar, ƙarƙashin koci Ailton Silva ɗan Brazil.

Malamin makaranta a Buriram:
Alhaji, nan garin ya yi tsit, alhali kowa na sanye da shuɗiyar riga tun safe. Ɗalibaina sun yi ta cewa ai mun fi su bambancin ƙwallaye. Haka ne, sai dai in maki ya zo ɗaya, karawar junansu ake fara dubawa, Chiangrai kuwa ta doke mu 4-0 a gidanta. Tun a can kofin ya suɓuce. Ni ban ga zalunci a ciki ba.

Mai buɗe zance:
Gaskiyarka Malam, amma zafin yana nan.

Wani ɗan'uwa daga Suphanburi:
Ku kuna zancen kofi, mu a filin wasa muka zauna muna kallon baƙi na shagali, ga mu na 14, cikin masu faɗuwa. Janyewar ƙungiyar PTT Rayong daga gasar ce ta cece mu daga baya.